George Washington Carver: Malamin da ya Farfaɗo da Gajiyayyiyar Ƙasa da Wake da Gyaɗa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san cewa manomi yakan ratsa wake ko gyaɗa a tsakanin kunyoyin gero da dawa. Ya san kuma hatsin da ya fito a ƙarƙashin gawo ya fi na sauran gona duhun ganye da cikar zangarniya. Manoma sun daɗe da sanin haka tun kafin masana kimiyya su binciko dalilinsa. Mutumin da za a kawo tarihinsa a wannan babi, wato George Washington Carver, wasu masana ne suka riga shi gano dalilin. Nasa aikin shi ne ɗauko wannan ilimi daga ɗakin bincike ya kai shi ƙofar bukkar talaka, ya kuma shafe shekara 47 yana yin haka a wata makaranta da aka kafa tun asali domin horar da malamai. Saboda haka tarihinsa ya shafi ɗalibin koyon aikin malanta ta fuska biyu: ta fuskar abin da ya koyar, da kuma ta fuskar yadda ya koyar da shi.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Carver cikin bauta a wata gona kusa da ƙauyen Diamond, a jihar Misuri ta Amurka, wajen shekarar 1864, ana dab da ƙare yaƙin basasar ƙasar. Ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, domin a wancan zamani ba kasafai ake damuwa da rubuta ranar haihuwar ɗan baiwa ba. Mahaifiyarsa, Mary, baiwa ce ta wani manomi Bature mai suna Moses Carver, wanda ya saye ta a 1855 a kan dala 700. Mahaifinsa kuwa ya rasu tun yaron bai san shi ba.

Yana jariri wasu mahara masu satar bayi suka faɗa wa gonar, suka tafi da shi da mahaifiyarsa. Moses ya ɗauki wani mutum ya bi sawunsu. Mutumin ya dawo da jaririn shi kaɗai, aka ba shi doki ladan wahalarsa. Mary ba a sake jin ɗuriyarta ba. Da aka haramta bauta a 1865, sai Moses da matarsa Susan, waɗanda ba su da ɗa nasu, suka riƙe George da wansa James a gidansu.

George yaro ne mai yawan laulayi, ga shi siriri, ga ƙaramar murya wadda ta zauna masa har tsufa. Don haka ba a tura shi aikin ƙarfi a gona ba, sai Susan ta ja shi jikinta ta koya masa girki da wanki da ɗinki da kula da lambu, ta kuma fara nuna masa baƙaƙe. Sauran lokacinsa a daji yake ƙarewa, yana tattara tsirrai da duwatsu da ƙwari. Har ta kai maƙwabta na kawo masa furanninsu da suka yi yaushi ya yi jinyarsu, suka riƙa kiransa likitan tsirrai. Waɗannan ayyukan cikin gida da ake ganin ba na maza ba ne, su ne suka ciyar da shi shekara da shekaru a gaba.

Faɗi-tashin Neman Ilimi

Makarantar da ke kusa da su ba ta karɓar baƙar fata. Da ya haura shekara goma sai ya bar gida ya tafi garin Neosho, tafiyar kimanin kilomita 13, inda akwai makarantar 'ya'yan baƙaƙe. A can ya sauka a hannun wata ungozoma, Mariah Watkins, wadda ta ba shi wurin kwana yana yi mata aikace-aikace. Bai daɗe ba ya gane malamin nasu bai fi shi sani da wani abin kirki ba, sai ya ƙara gaba zuwa jihar Kansas.

A garin Fort Scott ne, a 1879, ya ga abin da bai taɓa mantawa ba: taron Turawa sun fizgo wani baƙar fata daga gidan yari suka kashe shi a bainar jama'a. Nan take ya tattara ya bar garin. Daga nan ya yi ta yawo gari-gari, yana wanki da guga da dafa abinci, in ya tara 'yan kuɗi ya koma aji, in sun ƙare ya koma bakin baho. A wani ƙaramin gari mai suna Minneapolis, cikin jihar Kansas ɗin, ya kammala karatun sakandare. A nan ne kuma ya ƙara harafin W a tsakiyar sunansa, saboda akwai wani George Carver a garin da ake kai wa wasiƙunsa.

A 1885 wata kwaleji a garin Highland ta ba shi gurbin karatu ta hanyar wasiƙa. Da ya iso, hukumar ta ga launin fatarsa, sai ta janye. Wannan abu ya karya masa gwiwa na ɗan lokaci. Ya nufi yammacin Kansas a 1886, ya kama fili a gundumar Ness, ya gina ɗaki da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa kamar yadda baƙin wurin ke yi saboda rashin itace, ya yi noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Noman bai karɓe shi ba, amma ya ɗanɗana abin da ƙaramin manomi ke sha idan ƙasa da sama suka juya masa baya.

A 1890 ya samu shiga Kwalejin Simpson da ke Indianola a jihar Ayowa, yana koyon zane da kiɗan fiyano, yana biyan kuɗin makaranta da wankin tufafin 'yan uwansa ɗalibai. Malamarsa ta zane, Etta Budd, ta lura cewa kusan duk abin da yake zanawa tsirrai ne, ta kuma yi tunanin baƙar fata ba zai iya cin abinci da zane ba a Amurkar wancan lokaci. Mahaifinta farfesan aikin lambu ne a Kwalejin Aikin Gona ta Ayowa da ke Ames, sai ta ba Carver shawarar ya koma can. Ya koma a 1891, ya zama baƙar fata na farko da ya yi karatu a kwalejin. Ya samu digiri na farko a 1894, na biyu a 1896, ya yi aiki a ƙarƙashin masanin tsirrai Louis Pammel a kan funfuna da cututtukan da take sa wa shuka, aka kuma ba shi aji yana koyarwa. Daga cikin malamansa akwai James Wilson, wanda ya riƙe muƙamin ministan gona na Amurka daga 1897 zuwa 1913. Akwai kuma wani ƙaramin yaro, ɗan wani malami, da yakan bi shi yawon duba tsirrai. Wannan yaro, Henry A. Wallace, shi ne ya zama mataimakin shugaban Amurka a 1941.

Komawarsa Tuskegee da Halin da ya Tarar

Booker T. Washington ya buɗe makarantar Tuskegee a jihar Alabama a 1881 domin horar da malamai baƙaƙe, daga baya ta haɗa da koyar da sana'o'i. A 1896 ya rubuta wa Carver yana neman ya zo ya shugabanci sashen aikin gona a kan albashin dala 1,000 a shekara. Carver ya bar kwanciyar hankalin Ames ya isa Tuskegee a watan Oktoba na wannan shekara.

Abin da ya tarar sai wanda ya gani. An shafe shekaru masu yawa ana noma auduga a fili guda, damina bayan damina, ba hutu ba canji. Ƙasa ta gaji, ruwan sama ya wanke samanta, kwazazzabai sun tsattsaga gonaki. Yawancin manoma baƙaƙe ba su mallaki ko taƙi ɗaya ba. Noman kashe-mu-raba suke yi, ko haya. Mai ƙasa ko ɗan kasuwa shi ke ba su iri da abinci bashi, da kaka a cire daga auduga, sau da yawa kuma manomi ya tashi da saura a kansa. Abincinsu bai wuce garin masara da kitsen alade da ruwan rake mai kauri ba, abin da ke jawo cututtukan rashin abinci mai gina jiki. Takin zamani akwai shi a kasuwa, amma duk buhun da talaka ya ɗauka ƙarin igiya ne a wuyansa.

Ita kanta makarantar ba ta da ɗakin bincike. Carver ya ja ɗalibansa suka bi juji suna tsintar kwalabe da tsofaffin tukwane da guntayen ƙarfe, da su ya haɗa kayan gwajinsa na farko. A 1897 majalisar jihar Alabama ta amince da kafa tashar gwajin aikin gona a Tuskegee, tana ba ta dala 1,500 a shekara, aka naɗa shi darakta. Kuɗin kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da tashar Turawa ta jihar ke samu. Wannan ƙunci ya tilasta masa yin gwaji da irin kayan da talaka ke iya samu, kuma a ganin marubucin nan, nan ne darajar aikinsa take.

Sirrin da ke Cikin Saiwar Wake

Kafin a ci gaba, ya kamata ɗalibi ya fahimci ilimin da Carver ya dogara da shi. Kowace shuka tana buƙatar sinadarin naitirojin domin ta yi ganye da tsawo da ƙwaya. Idan ya yi ƙaranci, ganye ya yi rawaya, kara ya tsumbure. Abin mamaki shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma a siffar da yake cikin iska, gero da masara da auduga ba sa iya amfani da shi. Sai dai su tsotsi wanda ke cikin ƙasa, idan kuwa ana ta kwasa ba a mayarwa, dole wata rana rumbun ya ƙare.

Tun zamanin Rumawa manoma sun lura cewa dangin wake suna gyara gona. A 1838 wani masani Bafaranshe, Jean-Baptiste Boussingault, ya nuna ta hanyar awo cewa irin waɗannan tsirrai suna ƙara naitirojin, ba kamar alkama ba, amma bai gano ta inda yake shigowa ba. Sai a 1886 wasu Jamusawa biyu, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, suka bayyana cewa sirrin yana cikin 'yan ƙananan ƙullutai da ke manne a saiwar tsirran. Bayan shekara biyu, a 1888, Martinus Beijerinck ɗan ƙasar Holan ya ware ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin ƙullutan. Ashe zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne: shuka tana ba bakteriya masauki da sukarin da ganyenta ya haɗa, su kuma suna kamo naitirojin daga iskar da ke ratsa ƙasa su mayar da shi abincin da shuka ke iya sha. Malami zai iya nuna wa yara wannan ba tare da wata na'ura ba. A tono gindin wake a tsakiyar damina, a wanke saiwar a hankali, a fasa ƙullutu ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, aiki na gudana. Idan fari ne ko kore, to bai fara ba ko ya daina.

Ba ƙananan tsirrai kaɗai ke da wannan baiwa ba. Gawo da bagaruwa suna da ita, kuma gawo ya fi dacewa da gona saboda yakan kaɗe ganyensa da damina, lokacin da hatsi ke son rana, ya tofo da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Amma kada a ɗauka duk bishiya mai kwanso haka take. Tsamiya danginsu ce, ba a kuwa san ta da yin waɗannan ƙullutai ba.

Lokacin da Carver ya shiga Ames, wannan bincike na Jamusawa bai wuce shekara biyar da fitowa ba, sabo ne fil. Takin naitirojin da ake haɗawa daga iska a masana'anta kuwa bai yawaita ba sai bayan aikin Fritz Haber a 1909 da buɗe masana'antar farko mai amfani da dabararsa a Jamus a 1913. Ke nan a shekarun farko na aikin Carver, saiwar wake ita ce masana'antar taki mafi araha da talaka zai iya mallaka.

Abin da ya Koya wa Manoma

Mutane da yawa sun san Carver da gyaɗa, amma shukar da ya fara riƙewa hannu bibbiyu ita ce wake, irin namu na nan, wanda asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, ya kuma isa Amurka ta hanyar jiragen cinikin bayi. Ya fitar da ƙasida a kansa a 1903, ya sake fitar da wata a 1905 a kan yadda ake farfaɗo da gajiyayyiyar gona. Shawararsa ba ta da wuyar ganewa. A daina maimaita auduga a fili ɗaya. Bana auduga, baɗi wake ko gyaɗa ko waken suya. A zurfafa garma. A cike kwazazzabai da rassa da karmami kafin su cinye gona. A kwaso ruɓaɓɓen ganye daga daji da baƙar laka daga fadama, a haɗa da kashin dabbobi da toka da sharar gida, a tara su ruɓe, a watsa a gona. Mafi muhimmanci, idan ana son wake ya yi wa ƙasa cikakken amfani, a kifa garma a binne ganyensa da jijiyarsa a cikinta.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin akan yi masa gurguwar fahimta. Yawancin naitirojin da wake ko gyaɗa suka kamo yana tafiya ne cikin ganye da ƙwaya. Idan aka tuge gyaɗa, aka kwashe 'ya'yan, aka ɗaure harawa aka kai gida, abin da ya rage wa gona kaɗan ne. Manomin da ya ciyar da harawar ga tumakinsa sa'an nan ya mayar da takinsu gona, ya biya bashin ta wata hanya. Wanda kuwa ya sayar da harawar a birni, ya sayar da ƙarfin gonarsa tare da ita, ko da bai sani ba.

Carver ya fahimci cewa manomi ba zai shuka abin da iyalinsa ba za su ci ba, ko kasuwa ba za ta saya ba. Shi ya sa ƙasidunsa suka bambanta da na sauran tashoshin gwaji. Yakan soma da bayanin noman abu cikin sauƙin harshe, sa'an nan ya bi da hanyoyin dafa shi domin uwargida, wani lokaci har da ɗan bayanin kimiyya domin malamin makaranta. Girkin da Susan ta koya masa ya yi rana a nan. Ya rubuta ƙasidu 44 a tsawon zamansa, a kan wake da dankali da tumatir da kiwon kaji da adana abinci da ganyayen daji da ake iya ci. Wadda ta fi shahara ita ce ta 1916, mai bayanin noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta don ci. A 1910 kuma ya fitar da wata musamman domin malaman makarantun karkara, a kan nazarin halittu da lambun makaranta, inda ya nuna cewa yaro zai iya koyon lissafi da rubutu ta hanyar auna kunya da ƙirga iri.

Da yake yawancin manoman ba su iya karatu ba, ƙasida kaɗai ba ta isa ba. Yakan fita ƙauyuka a ƙarshen mako ya tari mutane a bakin coci, da samfurin shuka a hannu. A 1906 aka ƙera wata amalanke da ya tsara, wadda wani attajirin Niyok, Morris K. Jesup, ya biya kuɗinta. An loda mata garma da iri da kayan tatsar madara da hotunan koyarwa, alfadarai na ja daga gona zuwa gona. Wani tsohon ɗalibin makarantar, Thomas M. Campbell, shi ya riƙa tafiya da ita, kuma a wannan shekara gwamnatin tarayya ta ɗauke shi malamin gona, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan aiki. Dabarar ita ce a zaɓi gonar mutum ɗaya a yi aikin a gaban maƙwabtansa, da kaka su dawo su ga bambanci da idonsu.

To, amma shawara mai kyau ba ta isa ta tsinke igiyar bashi ba. Ɗan kashe-mu-raba ba shi da ikon cewa bana wake zai shuka, domin mai ƙasa auduga yake so, ɗan kasuwa ma a kan auduga yake ba da bashi. In kuma ya wahala ya gyara gonar, mai ita na iya ƙara masa kuɗin haya ko ya kore shi ya ba wani. Waɗanda suka fi cin moriyar koyarwar Carver su ne 'yan tsirarun da suka mallaki filayensu. Dubban sauran kuwa, daga wajen 1916, sai suka riƙa tattara komatsansu suna ƙaura zuwa biranen arewacin ƙasar.

Zamansa da Hukumar Makaranta

Carver gwani ne a aji da gona, amma ba gwanin mulki ba ne. Tun zuwansa wasu malamai suka ji haushin yawan albashinsa da ɗakuna biyu da ya nema domin ajiye tarin tsirransa. An ɗora masa kula da gonakin makaranta da dabbobi da kaji da koyarwa da bincike, ga Washington mutum ne mai son rahoto a kan lokaci da lissafi daidai. Kaji suka riƙa mutuwa ko ɓacewa, takardun tuhuma suka riƙa zuwa, shi kuma ya sha yin barazanar ajiye aiki. A 1910 aka karɓe shugabancin sashen gona daga hannunsa, aka bar masa bincike da tashar gwaji. Duk da haka bai tafi ba, kuma rasuwar Washington a 1915 ta girgiza shi ƙwarai.

Ɗalibai kuwa ba su ga wannan gefen ba. Abin da suka sani shi ne malami mai tsohuwar kwat da sabon fure a ƙirji kullum, wanda ke fita daji tun asuba ya dawo da abin da zai koyar da shi a ranar. Ba ya son ɗalibi ya haddace abin da bai taɓa da hannunsa ba. Daga 1907 kuma ya riƙa gudanar da darasin Baibul a yammacin Lahadi, domin mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, yana kallon nazarin halitta a matsayin hanyar sanin Mahalicci.

Gyaɗa da Ɗaukaka

Abin da wa'azin shekaru bai yi ba, wani ƙwaro ya yi shi. Wannan ƙwaro mai huda ƙwallon auduga ya tsallako daga Meziko zuwa jihar Tekzas a 1892, ya iso Alabama wajen 1910, ya riƙa cinye gonaki. Ga kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa man girki ya yi tsada. Manoma suka rungumi gyaɗa ba shiri, har mutanen garin Enterprise suka kafa wa ƙwaron gunki a 1919 don godiya da ya raba su da dogaro ga auduga. Wani abin lura shi ne, a daidai waɗannan shekaru irin haka ta faru a Kano, ba tare da hannun Carver ba. Turawan Ingila sun kawo jirgin ƙasa a 1911 da fatan kwasar auduga, amma manoma da fatake suka auna farashi suka zaɓi gyaɗa, wadda in ma kasuwa ta faɗi ana iya ci.

Bayan yaƙi, gyaɗa mai araha daga Asiya ta fara karya farashi a Amurka. Ƙungiyar masu harkar gyaɗa ta nemi a sa wa ta waje kuɗin fito, ta kuma gayyaci Carver ya yi bayani a gaban kwamitin majalisar wakilai a birnin Washintan a watan Janairun 1921. Minti goma aka ba shi, wasu 'yan majalisar ma suka fara da zolaya. Ya buɗe akwatinsa ya riƙa fito da madarar gyaɗa da gari da alewa da rini da abincin dabbobi, yana bayani cikin raha, sai ga shi ana ta ƙara masa lokaci. Dokar da aka zartar a 1922 ta sa wa gyaɗar waje haraji, jaridu kuma suka ɗauki sunansa suka yayata. Tun 1916 wata tsohuwar ƙungiyar masana fasaha ta Landan ta karɓe shi ɗan ƙungiya, a 1923 kuma ya karɓi lambar Spingarn, wadda ake ba baƙar fatan Amurka da ya yi fice.

A nan ya wajaba malami ya rarrabe tsaki da tsakuwa, domin littattafan yara da yawa sun cika labarin da ƙari. Ana lissafa masa abubuwa kimanin 300 daga gyaɗa da fiye da 100 daga dankali, amma da yawansu girke-girke ne ko abubuwan da aka riga aka sani, kuma bai bar cikakken rubutun yadda ya haɗa mafi yawansu ba. Takardun mallakar ƙirƙira uku kawai ya yi rajista, a 1925 da 1927, a kan kayan kwalliya da fenti, kamfanonin da aka kafa don sayar da kayansa kuma ba su yi ƙarko ba. Niƙaƙƙiyar gyaɗar nan da ake shafa wa burodi ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Wani ɗan Kanada ya yi rajistar irinta tun 1884. Haka nan a shekarun 1930 ya riƙa yi wa masu shan inna tausa da man gyaɗa, jama'a suka yi ta tururuwa, daga baya likitoci suka nuna cewa sauƙin da wasu suka samu daga tausar ne. Wani abin takaici shi ne, hasken da aka haska wa kwalaben gyaɗa ya dusashe aikin da ya fi su nauyi, wato shekaru ashirin na koya wa talaka gyaran ƙasa da abin da ke kewaye da shi.

Shahararsa ba ta kuɓutar da shi daga wariyar launin fata ba. Yakan je ya yi lacca a ɗakin da dokar jihar ba ta yarda ya zauna ya ci abinci a ciki ba. Ba kasafai yake sukar wannan tsari a fili ba, abin da ya sa Turawan kudu suka ji daɗin nuna shi a matsayin abin misali, wasu baƙaƙe kuma suka ga ya cika haƙuri. Hanyar da ya zaɓa ita ce zagaya kwalejojin Turawa yana magana da matasa, yana ƙulla abota da su ta wasiƙu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Carver bai taɓa aure ba, kuma bai damu da kashe kuɗi ba. A ɗakin makaranta ya zauna har ƙarshe. A 1935 ya samu mataimaki, Austin W. Curtis, wanda ya ɗauke masa nauyin bincike da tafiye-tafiye. A 1937 ya haɗu da Henry Ford, mai kamfanin motoci, suka ƙulla abota saboda dukansu suna sha'awar sarrafa amfanin gona ya zama kayan masana'anta. Da ƙarfinsa ya ragu, Ford ya sa aka kafa masa na'urar hawa bene a gidan da yake zaune. A 1940 ya ba da ajiyarsa, kimanin dala 33,000, aka kafa gidauniyar bincike da sunansa a Tuskegee, a 1941 kuma aka buɗe gidan adana kayan tarihinsa, inda aka tara zane-zanensa da kayan gwajinsa.

A ƙarshen 1942 ya faɗi a kan matakala, jikin da dama ya yi rauni bai sake tashi ba. Ya rasu ranar 5 ga Janairu, 1943, yana da kimanin shekara 78, aka binne shi a harabar makarantar kusa da kabarin Booker T. Washington. A watan Yuli na wannan shekara Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta mayar da gonar Moses Carver da ke Diamond wurin tarihi na ƙasa, karo na farko da aka yi wa baƙar fata irin wannan karramawa a Amurka. A 1948 hukumar gidan waya ta buga kan sarki mai ɗauke da hotonsa.